Sannu-Sannu, Matsoracin Da Ya Riƙe Mana Fanka

Ni na fara ganinsa. Duk wanda ya ce muku ya riga ni sanin ko wane ne Sannu-Sannu, ku ce ya zo ya maimaita a gabana. Ranar da dogayen motoci suka shigo garin nan da fuka-fukan babbar fankar da ke samar da wutar lantarki daga iska, jama'a suka yi dafifi suna kallon ƙarfe, ni kuwa mutane nake kallo. Cikin masu ɗaurin akwai wani siririn makanike da ya koma gefe yana duban ƙololuwar hasumiya, leɓensa ya bushe, yana ta goge tafin hannu a wando. Na ce a raina, wannan tsoro yake ji, kuma shi kaɗai zai zauna. Haka aka yi. Masu buɗa ƙirji suka gama ɗauri, suka ɗauki hoto, suka hau mota. Shi aka bar mana.

Ban taɓa zama kan bencin makaranta ba. Surukata ce ke riƙe da biro, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara min magana, don maganata ba ta karye ba balle a yi mata ɗori.

Tun daga waccan shekara har gemunsa ya yi fari, safiyar mutumin nan iri ɗaya ce. Gari na wayewa zai fito da jaka a kafaɗa, ya bi hanyar bayan asibiti ya hau tudu. Ba ya karyawa idan ranar hawa ce, cikinsa ba ya karɓa. Yana isa zai ɗora bakin sukudireba a jikin hasumiya, ya kanga kunne a ƙotar, ya rufe ido, kamar likita da mai ciwon ƙirji. Daga nan ya shiga ɗakin batir ya shinshina, wai wayar da za ta ƙone tana fara wari tun kafin ta yi hayaƙi. Sai ya shimfiɗa ɗamarar hawa a ƙasa ya bi ɗinkinta da babban yatsa, zare bayan zare, abin da ya duba jiya, ya duba shekaranjiya. Kowace sifana ɗaure take da igiya a ƙugunsa, domin ƙarfen da ya suɓuce daga can sama ba ya tambayar kan wa zai sauka.

Ƙugiya biyu gare shi. Ba ya cire ɗaya daga tsani sai ya maƙala ɗayar, ya ja ta, ya tabbata ta kama. Shi ya sa hawan da saurayi zai yi da numfashi ɗaya, shi sai rana ta ɗaga. Mai walda na bakin titi, wani ƙato mai baki kamar reza, shi ya laƙa masa sunan. Kullum ya wuce sai ya ɗaga tabaran walda ya ce, "Sannu-Sannu! Yau ma za a hau? To mu yi bankwana, ka hau da damina ka sauko da rani!"

Shi kuwa sai ya ce, "In na sauko ai ka ga ribar jira."

Bai taɓa ɓoye cewa tsoro yake ji ba. Na taɓa tambayarsa, na ce, ɗana, shekara nawa kana hawa, har yanzu ba ka saba ba? Ya ce, "Baba, ranar da na saba, ka zo ka karɓe ɗamarar."

Yanzu bari in gaya muku wanda ke magana, don ku san ba a bakin mai shayi na tsinci labari ba. Kafin fanka, wutar garin nan daga gidan inji take fitowa, ni kuma a gidan inji na ƙare ƙuruciyata. Ni nake ba shi baƙin mai, ni nake share masa majina, ni nake kwana da shi. Duk waɗanda muka yi aikin tare sun tafi, kuma kusan tafiya iri ɗaya: tari, kumburin ƙafa, sai barci a zaune, sai shiru. Ni kaɗai na rage. Hayaƙi ya gwada ni ya bar ni, kunnena na hagu kawai ya samu ya tafi da shi. Amma abin da ya kasa yi min ya yi wa Tsohuwa, uwar 'ya'yana. Ɗakinmu a jingine yake da bangon gidan inji. A nan ta yi girki, a nan ta yi goyo, a nan ta shanya wankin da yake komawa baƙi kafin ya bushe. Yau huhunta ba ya iya ɗebo iska da kansa. Idan damina ta kama, a asibiti take zama, da 'yar roba a hanci, da wani inji kamar ƙaramin akwati a gefen gado yana tace mata iska. Injin nan a bango yake shan wuta. Wutar bangon kuma daga tudu take saukowa. Ku riƙe wannan, shi ne duk labarin.

Shi ya sa idan na ji wani yana raina fanka sai jinina ya hau. Ku tsaya mu yi gaskiya. Wa ya taɓa ɓoye iska a bayan shago ya ce ta ƙare? Wace mota ce ta taɓa kafewa a laka da iskarmu a bayanta? A zamanin inji, ruwa ya cinye hanya, to mu da wuta sai hanya ta bushe, nas ta karɓi haihuwa da tocila a baki. Yanzu ranar da hanya ta yanke, a ranar iska ta fi yawa. Ƙasan gidan inji har yau ko ciyawa ba ta fitowa, man da ya zuba ya kashe wurin. Ku je gindin hasumiya ku gani, awaki na kiwo, mai gona na noma har bakin shinge. Da rani, lokacin da rijiyoyi ke ja da baya, iskar nan mai ƙona fuska ita ke juya famfo ta cika tanki. Abin da muke zagi da, shi ke ba mu ruwa yanzu. Suna cewa tana ƙara. Ni da inji ya ci wa kunne za a gaya wa ƙara? Suna cewa wani lokaci iska na kwanciya. Gaskiya ne, tana kwanciya, don haka aka yi ɗakin batir, ana tara na ranar yalwa. Ban ce ba ta da haɗari ba. Tana da shi, na gan shi da idona, kuma shi zan ba ku yanzu.

Daminar ce da ruwa ya ɗauke gadar hanyar birni. Tun safe iska ke kaɗawa, batura sun cika har wuya. A ɗakin batir akwai wani murhun waya, aikinsa ke nan ya cinye rarar wuta idan ta rasa mai sha. A makon ya ƙone, sabon kuma yana can ƙetaren ruwa. Sannu-Sannu bai yi barcin kirki ba a kwanakin, amma gari na shan wuta, fanka na da kaya a wuya, lafiya lau. Don abin da yawancinmu ba mu sani ba ke nan a lokacin: fanka kamar jakin amalanke take a gangare. Nauyin da take ja shi ke riƙe ta. Ka kwance mata kaya iska na bugawa, ta tafi ke nan, sai ta tarwatsa kanta.

Maigadin tudu ya kwanta zazzaɓi, aka sa ƙanin matata ya riƙe masa. Ƙanin matata tsohon yaron gidan inji ne a ƙarshen zamaninsa, kuma gidan inji na da doka ɗaya da ko cikin barci aka tashe ka za ka faɗa: hadari ya haɗo, yanke layin gari, kada wayoyi su haɗu su ƙona inji. Doka ce mai kyau, ta ceci injuna a lokacinta. Duk garin nan da ita aka rene mu. Har gobe tsofaffin mata na jin tsawa za su bi soket suna zare waya. To bayan la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, bawan Allah ya tashi da niyyar alheri, ya kama babban makunni da hannu biyu ya ja shi ƙasa.

Ina zaune gefen gadon Tsohuwa ina ɓare mata lemo, sai akwatin nan ya yi shiru. Ban san ƙararsa ta zame min abokiya ba sai da ta ɗauke. Tsohuwa ta dube ni, ta buɗe baki tana jan iska kamar kifin da aka jefo kan yashi. Nas ta shigo da gudu, ta taɓa makunnin bango, ta jijjiga waya, ta duba kwalbar iskar da ke kusurwa duk da ta san fanko ce tun da gada ta tafi.

Na leƙa taga. Fuka-fukai uku na sani a kan tudu. Ban ga uku ba, faifai ɗaya na gani, fari, yana rawa. Sai kukan ya iso, wani irin gunji da ban taɓa ji ba, yana hawa yana hawa, har da mataccen kunnena sai da na ji shi a ƙashin kai. Ni da na kwana da inji yana aman wuta ban gudu ba, ran nan sai da na ja da baya daga tagar. A ƙasan tudun nan gidaje ne, da makaranta, da rufin da muke ƙarƙashinsa. Fiffike ɗaya ya fi motar haya tsawo.

Sannu-Sannu na rumfar mai walda a lokacin, tsallaken titi, ya kai gyaran wani ƙarfe. Ya shigo asibitin fuskarsa kamar an shafa toka. Bai yi sallama ba, shi da ko akuya yake wa sallama.

"Baba, an yanke gari. Zan je in mayar. Kana da murya, ka bi gida gida ka ce kowa ya kunna komai."

"Komai kamar me?"

"Komai! Dutsen guga, injin niƙa, abin dafa ruwa, famfo, firiji a bar shi a buɗe. Duk abin da ke cin wuta. Kada wanda ya kashe sai na sauko."

Nas ta ce, "Sai ka sauko daga ina? Cikin wannan?"

Ya dubi Tsohuwa, ya ce, "Mama, ki riƙe min kaɗan." Mai walda ya riga ya tada babur a waje, ya bar wa abokin aikinsa rumfa, yana ihu, "Hau mana, yau ba ranar sannu ba ce!"

Ban so barin gefen gadon nan ba. Leɓenta ya fara duhu. Ita ta ture hannuna, ta nuna min ƙofa da haɓa. Na ɗauki tiren magani na nas da cokali, na fita cikin iska ina bugawa.

Ku da ba ku nan, ba za ku gane wuyar abin ba. Ka ce wa mutum ya gudu, zai gudu. Amma ka ce wa matar da uwarta ta koya mata zare waya idan an yi walƙiya ta jona dutsen guga sama na tsagewa? Matar mai gyaran takalmi ta leƙo ta ce, "Baba, tsufan ne ya zo yau gaba ɗaya?" Mai niƙa ya ce ba zai ƙona injinsa don maganar wanda ya sha hayaƙi ya ƙoshi ba. Na kama shi da wuyan riga, na juya fuskarsa tudu. Ya kalla. Ya shiga ya ɗora wa injinsa bel.

A can tudu, mai walda ne shaida, ƙanin matata ya tare makunni da bayansa, ya baje hannuwa.

"Ba za ka mayar ba! Za ka ƙona gari!"

"Kawu, matsa."

"Kafin a haife ka nake wannan aikin!"

"Na sani, Kawu. Yayarka ce ba ta numfashi. Matsa."

Ya matsa. Sannu-Sannu ya tura makunni sama. A cikin gari fitilu suka kama da wani haske mai ban tsoro, wasu ƙwayaye suka fashe, mata suka yi salati. Sannan gari ya fara ja. Injin niƙa ya ɗauka. Abokin mai walda ya hau ƙona tsofaffin ƙarafa ba gaira ba dalili. Mai guga ya jera duwatsunsa duka a kan bulo. A kowane gida tukunya na tafasa ruwan da ba wanda zai sha. Hatsi ya ƙare wa mai niƙa, inji kuma idan ba abin da yake ci ba ya jan wuta sosai, sai ga mata da kwanuka a ƙarƙashin mayafi suna kawo garin da aka riga aka niƙa a sake niƙawa. Gunjin tudu ya sauko kaɗan. Kaɗan fa. Iskar ba ta gama zuwa ba.

Fanka na da wutsiya a baya, ita ke juya fuskarta ga iska. Idan iska ta yi yawa, akwai wata waya da ta sauko ta cikin hasumiya zuwa wani hannun murɗawa a ƙasa. Ka murɗa, wutsiya ta naɗe, fanka ta ba iska kafaɗa ta huce. Sannu-Sannu ya kama hannun ya murɗa, ya ji shi sakayau. Girgizar ta fitar da wayar daga kan 'yar tayar da take bi, can sama, dab da kan fanka.

Mai walda ya ce ya ga mutumin ya tsaya, ya ɗaga kai, sannan ya koma bayan ɗakin batir ya yi amai. Ya dawo yana goge baki. Ya shimfiɗa ɗamara a ƙasa cikin yayyafi, ya fara bin ɗinki da yatsa.

"Kai, mahaukaci ne kai? Yanzu ma sai ka duba?"

"Yanzu ne ma."

Abin da ya faru a sama, shi da bakinsa ya ba ni, bayan an daɗe, don ba mai son tuna shi ba ne. Ya ce da ya kama tsani sai ya ji kamar ya kama dabba mai rai. Ƙarfen na kaɗawa har haƙoransa na haɗuwa. Ruwa ya sauko a kwance, yana dukan ido. Ya maƙala ƙugiya, ya ja, ya taka, ya cire ta ƙasa, ya maƙala, ya ja. A ƙasa mai walda na riƙe da igiyar tsaro yana kururuwa, yi sauri, don Allah yi sauri. Ya ce yana ji, kuma ba abin da ransa ke so irin ya yi saurin, ya bar ƙugiyoyin nan ya haye a gama. Hannunsa ne ya ƙi. Hannun ya saba da abu ɗaya, ya ci gaba da yin sa.

Ya wuce rabi ke nan bel ɗin mai niƙa ya jiƙe ya zame. Babban kaya ya sauka daga wuyan fanka lokaci guda. Ina bakin titi na ji gunjin ya tashi kamar an taka wutsiyar wani abu, na ga hasumiya ta yi lilo, na ga ɗan baƙin ɗigon da ke jikinta ya rabu da tsani. Matan da ke kusa da ni suka rufe fuska. Ni ban rufe ba, don haka ni zan gaya muku: ƙafafunsa biyu a iska suke, yana reto kamar tsumma a kan igiyar shanya, ƙugiya ɗaya tal ke riƙe da shi. Wadda ya tsaya ya ja ya tabbata ta kama, lokacin da ake masa ihun ya yi sauri.

Mai niƙa ya mayar da bel da hannu, ya bar fatar yatsunsa a wurin. Ɗigon ya lalubo tsani. Ya daɗe a manne bai motsa ba, har na ce shi ke nan, zuciyarsa ta buga. Sai na ga hannu ya miƙa sama. Ya maƙala. Ya ja.

Ya ce a can ƙarshe ba ya jin tsawa, ba ya jin ruwa, sai wucewar fiffike a gefen kansa, fuu, fuu, fuu, kowanne na tura shi jikin ƙarfe. Idan iska ta sauya fuska, kan fanka zai juyo, fiffiken kuma ta inda yake zai bi. Ya san haka. Ya zaro sukudireba da igiyarta, ya sa ƙarƙashin wayar, ya ɗaga. Ta suɓuce. Ya sake, ta suɓuce. Sai ya sa babban yatsansa ya danna ta cikin kwarin tayar, wayar ta koma, ta tafi da kan yatsan. Ya girgiza igiya. Mai walda da ƙanin matata suka haɗu a kan hannun murɗawa suna kuka suna murɗawa.

Daga ƙasa muka ga wutsiya ta naɗe a hankali. Fanka ta juya mana gefe. Faifan nan ya fara rabuwa, ya koma fuka-fukai, uku, ana iya ƙirga su. Ba wanda ya yi guɗa, ba wanda ya yi tafi. Mutane suka zauna a inda suke, cikin ruwa.

Na koma asibiti. Tun daga baranda na jiyo akwatin na gurnaninsa. Nas ta jingina da bango tana share ido da gefen ɗankwali. Tsohuwa na kwance, robar a hanci, leɓe ya dawo. Abin da ta fara ce min shi ne, "Ina ka kai musu tire?" Da ƙaninta ya zo ya durƙusa bakin gado, ta dafa kansa ta ce, "Tun kana yaro kake son ka gaje ɗakina, to ban tashi ba tukuna."

Sannu-Sannu bai sauko ba sai da ruwa ya tsagaita. Yatsunsa sun ƙage a kan tsani, sai da ya riƙa ɓamɓare su da haƙori. Da ya taka ƙasa wandonsa a jiƙe yake sharkaf. Mai walda, mai bakin nan da bai taɓa barin kowa ba, ya dube shi, ya dubi mutanen da suka taru, ya ce, "Ruwan sama ne. Akwai mai magana?" Ba a samu ba.

Da a ce fankar nan ta tarwatse ran nan, ko da fiffiken ya faɗa gona bai taɓa kowa ba, batura za su riƙe kwana kaɗan su mutu, gada kuma ba ta dawo ba sai ƙarshen damina. Ba sai na faɗi sauran ba. Surukata ma ta ajiye biro tana share ido, bari ta gama.

Kai ne, Sannu-Sannu. Kai ne wanda cikinsa ke ɗurar ruwa kowace safiya, ya ɗauki tsoronsa a kafaɗa ya hau da shi. Na ga jarumai a rayuwata, na kuma raka da yawansu makabarta. Kai ne ka yi shekarun nan duka ba a taɓa ɗauko gawar kowa a gindin hasumiyarka ba, ko akuya. Mai ƙugiya biyu, wanda ba a yi wa gaggawa. Yaran da aka haifa da hasken lantarki a asibitin nan ba su san sunanka ba, sun ɗauka wuta a bango take tsirowa. Ni na sani, Tsohuwa ta sani, duk numfashin da ta ja tun daga ran nan da hannunka a ciki. Allah Ya saka maka, Ya sanyaya maka gwiwoyin nan, Ya ba ka barcin da hadari ba ya katsewa.

Don gwiwoyin ne suka gaji. Bana ya ce ya ajiye, ƙafa ba ta ƙara ɗaukarsa. Kuma tun da ya faɗa ban sake runtsawa da daɗi ba. A taron gari wasu suka miƙe suka ce a sayo inji a huta, wai inji a ƙasa yake, ba ya bukatar mai hawa. Na miƙe na ce haka ne, a ƙasa yake, kuma ƙasa yake kai mutum. Aka yi dariya. Ni ba dariya nake ba. In inji ya dawo, hayaƙi ya dawo, jiran mota ya dawo, kuma damina ɗaya ta ishi Tsohuwa da ire-irenta. Fanka ba ta neman mai, ba ta neman hanya. Mutum take nema, kuma shi ne muke shirin rasawa.

Aka yi shela, masu so su zo a gwada. Wasu samari suka zo, suka ƙi ɗamara, suka yi tsere har sama, ɗaya ma ya saki hannu yana ɗaga wa 'yan mata. Sannu-Sannu ya jira suka sauko, ya yi musu godiya, ya ce su gaida gida. Ana shirin watsewa sai ga mai walda, da tumbinsa da furfurarsa, ya ce a ɗaura masa. Ya hau bai kai ko tsayin rufin makaranta ba ya ƙanƙame tsani, ya rufe ido, yana kiran sunan uwarsa. Da kyar aka lallaɓo shi. Yana zaune a ƙasa yana haki, jama'a na dariya, Sannu-Sannu ya tsuguna gabansa ya ce, "Gobe da safe. Kada ka karya."

Yanzu kullum mai walda yana hawa, Sannu-Sannu na ƙasa a kan kujera yana masa tsawa ya ja ƙugiya. Ya kai sama a watan jiya. Amma aikin nan ba na mutum ɗaya ba ne, dole wani ya riƙe igiya, dole wani ya iya hawa ranar da ɗayan ya kwanta. Saura mutum ɗaya. Ba jarumi muke nema ba, muna da su har sun yi yawa. Muna neman wanda in ya ɗaga kai ya dubi ƙololuwa zai ji hantarsa ta kaɗa, kuma ya dawo washegari. Mace ce ko namiji, ɗan wane ne ko ɗan wance, ba ruwan hasumiya.

Wanda kuma ya karanta wannan ya taɓe baki ya ce tsohon nan zuƙi yake, ba sai mun yi musu ba. Ya jira ranar da gabas ta yi baƙi, ya same ni a gida, ni zan raka shi tudu da ƙafata. Ba zan ce ya hau ba. Tafin hannu kawai zai ɗora a kan tsani, ya bar shi a wurin har in gama ba shi labarin nan daga farko. In ya iya, ya dawo cikin kasuwa ya ƙaryata ni. In bai iya ba, in ya ji ƙafarsa na rawa, to kada ya tafi gida. Shi muke nema.